Malam Rachidou da Ƙasar da Bai Taka Ba

Duk wanda ya san Malam Rachidou a unguwar Minguettes, da gaisuwa ya san shi. Mutumin Damagaram ne. Ya zo Lyon karatun aikin gona tun yana saurayi, karatun bai kai inda aka nufa ba, sai ya ƙare a wani babban sito a Vénissieux yana tuƙa motar ɗaga kaya har furfura ta cika masa kai. In ya tare ka a tashar tiram, ɗan jirgin ƙasan nan na cikin gari, to ka haƙura da wanda ya tsaya, ka jira na baya. Zai tambaye ka kwana da gajiya da iyali, sannan ya gangara garinku: ruwa ya sauka a Tawa? Hatsi ya yi? Rijiyar nan da ka ce ta rufta, an gyara? A wurinsa ba a gai da mutum shi kaɗai kamar tsintacce. Ana haɗa shi ne da ƙasar da yake takawa.

Bayan rasuwar matarsa, 'yarsa Hamdiya ce kaɗai ta rage masa a gidan. A Lyon aka haife ta, a nan ta yi karatu, sai ta samu aiki a wani ɗakin gwajin iri a Saskatoon, cikin lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada. Shi ya raka ta filin jirgi, ya dawo ya tarar gidan ya yi masa yawa.

Ran Lahadi yake kiranta, bayan la'asar, lokacin ita safiya ce a wurinta. Yakan fara da kyau: ina kwana, ina gajiya, ina baƙunta, ina sanyi. Daga nan sai bakinsa ya tsaya. Bai san sunan maƙwabcinta ba, bai san ranar kasuwarsu ba, bai san ko mutanen can ruwa suke roƙo ko rana ba. Ita kuma amsarta guda ce, "Ça va, Baba," wato lafiya lau, sai ta ce za ta je wanki. Wayar ta yi ta gajarta. Wata Lahadin ba ta ɗauka ba, ta turo saƙo da hoton zuciya. Ya daɗe yana kallon hoton. Ya ga yadda 'ya'yan wasu suka koma sai barka da Sallah, ya kuma gane hanyar ke nan aka ɗauko.

Ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris, wurin abokinsa Alhaji Salihu mai shagon akwatuna da turare a unguwar Goutte d'Or, ya kai kukansa. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai yarinyar nan ta yi ƙoƙari, don shi kansa in zai gaisa da Rachidou sai ya yi guzuri. Ya ce 'ya'yan yanzu haka suke, a bar su da addu'a. Malam Rachidou ya sha shayinsa bai yi gardama ba, amma bai yarda ba. A ganinsa laifin nasa ne: shi ke zuwa mata hannu rabbana. Wa zai zauna da baƙon da bai san komai na gidanka ba?

Da ya koma Lyon sai ya fara zuwa ɗakin karatu na unguwa bayan tashi daga aiki. Wata ma'aikaciya mai suna Sofia ta nemo masa littattafai da taswira, ta kuma nuna masa yadda zai duba yanayin Saskatoon a wayarsa. Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne shimfiɗar ƙasar. Fili ne fetal, ba dutse ba tudu, sama ta kife a kai kamar ƙwarya, kai ka ce hanyar Tanut ta can ƙasarsu ce aka zuba wa ƙanƙara. Ya koyi cewa Regina ce babban birnin lardin, ko da yake Saskatoon ta fi ta jama'a, kuma kogi ya raba Saskatoon biyu. Ya ga hotunan dogayen rumbunan alkama a bakin layin dogo, kowane ƙauye da nasa, da sunan garin a jiki. Ya karanta labarin Gravelbourg, inda jikokin Faransawa ke riƙe da harshensu a tsakiyar masu Turanci, da na Batoche, inda 'yan ƙasar da ake kira Métis suka yi yaƙi don gonakinsu aka ci su.

Shekarun farin da aka yi a can kafin yaƙin duniya na biyu su suka fi tsaya masa a rai. Ruwa ya ɗauke, iska ta kwashe ƙasar gona, fara ta cinye sauran, mutane suka ɗaure kaya suka bar gidajensu. Ya rufe littafin ya ce a ransa, ashe su ma sun san wannan.

Dabbobin kuwa da sunayen gida ya riƙe su. Ɓaunar can mai gashi, wadda ta taɓa rufe filin kafin a kusa ƙarar da ita. Barewa mai gudu, kurege mai haƙa rami a gona, dila mai kuka da yamma. Da kaka kuma dinya da gauraka na sauka dubbai a tafkuna kan hanyarsu ta kudu. A sito, in ya ga buhun da aka rubuta Kanada a jiki, sai ya rage gudu ya duba ko daga can ne. Duk wannan bai faɗa mata ba. Yana jiran ya cika hannu.

Wata Lahadi cikin Oktoba ya yi wanka, ya sa farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya zauna bakin taga ya kira. Bayan kwana da gajiya bai tsaya ba. Ya tambaye ta ko an gama girbin alkama kafin sanyi ya kama. Ya tambayi kogi, ya cika ko ya ja? Dinya sun sauka? Mutanen Gravelbourg fa, suna lafiya?

Ta yi 'yar dariya wadda ba ta da ƙarfi.

"Baba, ni ina na san waɗannan? Daga ɗaki sai bas, daga bas sai aiki. Kogin ma ta taga nake ganinsa. Ban san kowa ba a nan balle a wancan garin."

Ya ji kunya ta rufe shi, irin ta wanda ya yi sallama a gidan da ba kowa. Ya kawo gaisuwar gari guda, ashe ba ta da mutum ɗaya da za ta kai wa. Ya buɗe baki zai ce to sai wata Lahadin, sai ya ji ta aje wayar a kan wani abu mai tauri, muryarta ta yi nisa.

"Mene ne ma dinya? Faɗa mini, ina wanke kwanuka."

Ya faɗa mata. Daga dinya ya wuce tafkin da suke sauka, daga tafki ya shiga shekarun fari. Ba ta tambaye shi komai ba kuma. Ƙarar ruwa yake ji, da cokula, wani lokaci ƙofar kabad. Ya san rabin maganar a iska take tafiya. Rana ta sauka bayan dogayen benaye, aka kunna fitilu a gidajen da ke fuskantarsa, lokacin magariba ya shiga. Kowane ɗan lokaci sai ya ɗaga wayar daga kunne ya duba, ya ga har yanzu ba ta kashe ba, ya mayar ya ci gaba.