Ranar da Ƙwaron Ruwa Ya Ƙaryata Ni

Na haura shekara arba'in kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci a Ƙofar Dundaye. Karatu ya soma zama, amma tsayawa gaban allo nake gudu. Wata rana malaminmu ya ce kowa ya kawo abu biyu, ya kwatanta su a rubuce a gaban aji.

Ni ƙwari na zaɓa. Buzuzu a garken shanun unguwarmu na tsince shi, kai a ƙasa, yana tura dunƙulen kashin shanu da baya da baya. Ƙafafunsa na gaba kamar zarto suke, don tono. Ɗayan kuwa, ƙwaron ruwa, sai da na je gonar shinkafar yayana a fadamar Kwalkwalawa na kamfato shi da ƙwarya. Baƙi ne sumul kamar an shafa masa mai, ƙafafunsa na baya faffaɗa, da su yake iyo.

Kwana da kwanaki ina haddace layi biyu: "Buzuzu yana tashi. Ƙwaron ruwa ba ya tashi." Ranar da aka sa, bayan la'asar, na rubuta su da ƙyar, ba kuskure.

Wani mahauci ɗan ajinmu ya leƙa gwangwanin buzuzu, ya toshe hanci.

"Malam, wanga mutum kashi ya kawo muna aji!"

"Kai da ka wuni cikin tumbin sa?" na ce masa.

Malam ya ce in fito da na ruwan kowa ya gani. Na aza shi a benci, inda rana ke bugawa. Ƙwaron ya ɗan lafa har ya bushe, sai bayansa ya buɗe biyu, fiffike ya fito. Fir, ta taga! Buzuzu ko motsi bai yi ba, yana rungume da dunƙulensa.

Aji ya kece da dariya, har da ni.

"To, Baba, allonka ya yi ƙarya," in ji malam, ya miƙo mini alli. "Gyara muna."

Wannan kam ban haddace ba. Na goge layin da hannun riga, na riƙa furta harafi ina zana shi, har na rubuta: "Ƙwaron ruwa ya tashi, ya koma gida."

Mahaucin nan ne ya karanta shi da ƙarfi, yana tuntuɓe, ya kai ƙarshe. Na mayar wa malam allinsa, na koma na zauna.