Harafi Kamar Tafin Hannu

A shekarun da mutanen ƙauyuka ke ta gudowa Maiduguri, ina aikin buga takardu a wani ɗan shago kusa da Kasuwar Litinin. Da can katin biki da aikin ɗalibai nake bugawa. Sannu a hankali aikin ya koma cigiyar waɗanda suka ɓata.

Wata rana da hantsi wani dattijo ya shigo, manomi ne daga Konduga, Hausarsa na da nauyin Kanuri. Ɗansa ya fita nemo itace bai dawo ba. Na tambayi hoto, ya ce ya ƙone tare da gidansu. Suna kaɗai ya kawo.

Na buga sunan, na sa lambar wayar mai gidan da ya sauke su a Ajilari, na juyo masa kwamfutar.

"'Yata, ƙara masa girma," in ji shi.

Na yi ta ƙarawa har na kai saba'in da biyu, inda jerin lambobin girman harafi ya tsaya. "Baba, iyakarsa ke nan."

Ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin. "Yanzu ba mai tsayawa ya karanta bango. So nake wanda ke cikin keke napep ya gani. Kamar hannun nan nawa."

Ban taɓa gwadawa ba, amma na goge lambar na rubuta ɗari uku da kaina. Ta karɓa. Sunan ya kumbura ya tsattsage, harafi biyu a nan, uku a can. Na kwantar da takardar, na rage, na ƙara, har da rabin lamba, sai da kowane yanki ya zauna daidai a shafinsa. Muka haɗa shafukan da gam a kan teburina.

Ba ya karatun boko. Ya ce in nuna masa inda sunan ya fara. Na nuna. Ya bi haruffan da yatsa har ƙarshe, ya naɗe takardar ya sa cikin babbar rigarsa.

Duk sanda ruwan sama ya wanke ta daga bangon da ya manna ta, sai ya dawo in sake bugawa. Kullum yana ƙara ramewa. Da damina ta wuce, ban ƙara ganinsa ba.

Surukarsa ce ta zo daga baya, matar wanda ya ɓata, da goyo a bayanta. Ta ce Baba ya rasu bayan gajeruwar jinya, mijinta kuma har yau shiru. Takardar neman aikin shara take so in rubuta mata.

Da na zo layin da ake rubuta matsayin aure, na tambaye ta me zan sa. Ta daɗe tana kallon ƙofa.

"Sa ina da miji," ta ce.

Na sa. Ta karɓi takardarta, ta gyara goyon, ta fita neman keken Ajilari.