Yadda Baba Illo Ya Kuskure Duma a Keita

Daga Madawa

Muna sallame sallar asuba muka ɗaura wa jakai kaya, ni da Baba Illo, ƙanen mahaifina. A shekarun yaƙin Turawa ne, mota ta yi wuya, mai hanzari ma jaki yake nema. Keita muka nufa neman auren Hassi, wata bazawara mai sayar da tabarmi da na sani a kasuwar Buza. Ita ta yarda da ni, saura mahaifinta Arzika, wanda aka ce mini ba a juya shi. Ina sonta ƙwarai, kuma ina tsoron kada ya hana ni ita.

A kayanmu akwai goro da albasa. Akwai kuma jakar tsinkayen jifa ta Baba, wadda ban so ya ɗauko ba. Tsinken kara ne mai tsawon tafin hannu, da ƙarfe a baki da gashin zabo a wutsiya. A Madawa kabewa ake ɗorawa kan turmi, a ja baya, wanda ya soka kusa da cibiyarta shi ya ci. Baba bai taɓa shan kaye ba, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba.

"Baba, neman aure fa za mu," na ce.

"To, mi? Tsinke shina hana aure?"

Karofane

Mun shiga Karofane rana ta karkata. Wani gardi, dogarin Turawa, ya tare mu a bakin gari, ya juya takardar tafiyarmu sama da ƙasa, ya zaɓi manyan albasa, ya ce mu wuce. Muka sauka gidan wani maƙeri, aka kawo mana fura mai sanyi.

Su a nan ba su yarda da abin da ke zaune ba. Ɗanyen duma ake mirginowa daga kan tudu, sai ka soke shi yana gudu kafin ya wuce wani dutse da suka ajiye. Baba ya ce wasan yara ne, sannan ya tashi ya naɗe hannun riga. Duk duman da aka mirgino sai da ya tsaya da gashin zabo a bayansa. Wani mai raƙumi da ke kallo ya riƙe baki, ya tambayi sunansa har sau biyu.

Buza

Hanyar Buza duwatsu ne da kwazazzabai, jakina ya yi ta tsayawa yana tunani. Mai masaukinmu wani tsohon soja ne da ya dawo daga ƙetare da faifan katako mai zobba da lambobi, yana kiran wasan fileshet. Kowa yana farawa da lamba mai yawa, duk inda ka soka a rage maka, wanda tasa ta fara ƙarewa shi ya ci.

"Wanga wane irin wasa na?" in ji Baba. "Wanda ya rasa komi shi ad da nasara? Sai Nasara!"

Duk da haka ya shiga, ya kuma lallasa sojan a gaban maƙwabtansa. Sojan ya cire faifansa daga bango ya shige gida. Tuwon da muka ji ana tuƙawa ba mu gan shi ba, da gasasshiyar albasa muka kwana.

Deule

A rijiyar Deule muka tsaya shayar da jakai. Nan wata tsohuwa ta gaya mana Arzika na Keita ma majefi ne, kuma ya fi son a zage shi da a ci shi. Na durƙusa gaban Baba a bainar jama'a.

"Don Allah, Baba, in anka yi jihwa a Keita, ku kuskure."

"In kuskure? Ni? Hannuna bai san hanyar ba."

Na tuna masa tuwon Buza. Ya tauna goronsa, sannan ya ce zai yi, amma don darajar marigayi mahaifina, ba don doguwar fuskata ba.

Keita

Arzika dogon tsoho ne mai ƙaramar murya. Ya karɓe mu da tuwon dawa da miyar kuka, ya ƙi bari a buɗe maganar da ta kawo mu. Bayan la'asar ya ce mu taso. Ƙarƙashin wani gawo an rataye duma da igiya, ana tura shi yana lilo. Can gefe ga maƙwabcinsa Ɗan Baro da wani ƙato da ya zo da shi. Baba bai tambayi ƙa'idar wasan ba, domin tambaya a wurinsa raini ce.

Arzika ya jefa, ya samu. Ɗan Baro ya kuskure, ƙatonsa ya samu. Sai Baba ya fito, ya gyara tsayuwa, ya lumshe ido ɗaya, ya aika tsinkensa can cikin ƙaya. Har da dafe kafaɗa yana cewa tsufa. Na ji daɗi a raina, na ce aure ya ɗauru.

Amma Ɗan Baro ne ya yi tsalle, Arzika kuwa fuskarsa ta haɗe. Zagaye na biyu Baba ya ƙara ƙawata kuskuren, ya soki ƙasa. Ɗan Baro ya fara rawa.

"Illo," in ji Arzika, "kai na mai raƙumi yac ce ba ka kuskure duma ko shina gudu?"

Sai a lokacin muka gane. A Keita bibbiyu ake yi, baƙo da mai masaukinsa hannu ɗaya ne, jifansu ake haɗawa. Wanda aka ci kuwa shi zai shayar da shanun wanda ya ci washegari. Arzika ya jima yana shan kaye a hannun Ɗan Baro, da ya ji labarin Baba yana tafe sai ya aika wa maƙwabcin nasa ya shirya.

Baba bai ɓata lokaci ba, ya nuna ni da baki. "Ga mai dabarar nan. Shi yac ce in bar ka ka ci."

Arzika ya dube ni daga sama har ƙasa, ya miƙo mini tsinke. "Ashe tausayina kaka ji. To, jehwa mu gani."

Wallahi da gaske na auna. Tsinken ya wuce duma, ya wuce gawon, ya kafe a jinkar rumbun Ɗan Baro. Mutane suka yi ta dariya har da masu zama ƙasa. Arzika bai yi ba, ya juya ya tafi gida, ni kuwa na tabbata na rasa Hassi.

Da safe ban jira kowa ba, na ɗauki guga na nufi rijiya. Baba ya biyo ni yana mita. Rijiyar zurfi gare ta, shanun Ɗan Baro kuma kamar ba su taɓa ganin ruwa ba. Kafin hantsi tafin hannuna ya sale. Ina ɗagowa na ga Arzika zaune kan kututture, ban san tun yaushe yake nan ba. Sai da saniyar ƙarshe ta ɗaga kai ya yi magana, kuma da Baba ya yi ta.

"Illo, ɗanka bai iya jihwa ba, bai iya dabara ba. Amma ba a aike shi ba yaz zaka rijiya. Ku kawo goronku. Kai ko ba ka barin garin ga sai mun rama."

Na zauna a bakin rijiyar na yi hamdala. Da yamma suka rama, washegari Ɗan Baro ya shayar da shanun Arzika.

Gida

Mun koma Madawa ta hanyar da muka zo, amma Baba ya ce mu kewaye gidan sojan Buza. Ranar kasuwa muka iso, labari kuma ya riga mu. Abokan jifansa suka tare shi tun bai sauka daga jaki ba, suna tambaya ko gaskiya ne ya kuskure har sau biyu.

"Ƙarya ta!" in ji Baba. "Ƙasa nika auna, kuma na same ta."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Baba Illo, Allah ya jiƙansa, wanda ya zubar da sunansa a gaban mutanen Keita saboda ni. Hassi ta tare bayan girbi.