Fuskar Baba a jikin kwalbar magani

Ku ji abin da ya same ni yau, ni kam na gaji.

Kun tuna zanen Baba da na yi da fensir na ɗora a shafina? Yau na raka shi kasuwar Gwaram. Muna wucewa ta gaban wani mai maganin gargajiya sai ga zanen nan manne a jikin kwalabensa. Har sunana an goge.

Na ce, "Malam, ina ka samo wannan?"

Ya ce, "Ai tsohon nan a wurina yake sayen magani. Da ko miƙewa ba ya yi, ni na tashe shi."

Baba na tsaye a gefena fa. Ya ɗauki kwalba ɗaya ya duba, ya ce, "Bawan Allah, ni ne nan, kuma ban taɓa ganinka ba."

Mutumin ya kalle shi, ya kalli kwalbar, ya ce, "A'a Baba, wannan ya fi ka ƙoshin lafiya."

Muka dawo Birnin Kudu. A ƙofar gida Baba ya ce in sauke zanen, kada in ƙara zana shi.

Na sauke. Kwalaben kuwa suna can ana ta saya.