Daga Masaka zuwa Maitama, Ban Buɗe Baki Ba

Mun tashi da asuba daga Masaka, ni da ƙawata da muke haya a gida ɗaya. Komai na tafiya daidai har ƙarfe shida da kwata, lokacin da na ƙi shiga motar farko da ta tsaya mana a bakin titi.

Masu bibiyar shafina sun san abin da ya fitar da ni. Na daɗe ina rubutu kan shirin mayar da jarrabawar kammala sakandare kan kwamfuta. Na yi koyon koyarwa a wata makarantar ƙauye a bayan Masaka, inda babu lantarki, kuma a ajin ƙarshe akwai ɗaliban da ba su taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta ba. Wata ƙungiya ta shirya zaman jin ra'ayi a Maitama, unguwar manya a babban birnin tarayya, domin ta haɗa rahoto ta miƙa wa hukuma. Shugabar zaman, wata Hajiya da ta daɗe a harkar ilimi, ita ta gayyace ni, aka ba ni minti biyar da safe. Na yi wa ɗaliban alkawarin zan kai kukansu.

Kafin ranar na tambayi jama'a a shafina hanyar da ta fi. Amsoshi suka yi ta zuba. Wasu suka ce kada in kuskura in shiga motar gida, duk 'yan wan-cans ne masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi. Wasu suka ce in kira tasi ta manhajar waya. Wani ma ya bar tambayar ya koma faɗa da gwamnati kan rashin jirgin ƙasa. Sai daga baya na lura yawancinsu ba su taɓa kwana a Masaka ba.

Abin da ban auna ba shi ne, a wannan hanyar ma'aikata ne ke ɗaukar fasinja a motocinsu don rage kuɗin mai, kuma 'yan unguwa sun san juna. Ƙawata 'yar Filato ce, tana aiki a shagon magani a Wuse. Da motar ta tsaya ta ja hannuna.

"Ke, wannan oga ɗan cocinmu ne fa. Kullum shi yake kai ni."

Na nuna mata gargaɗin da ke wayata. Ta dube ni, ta dubi wayar, ta ce wa mutumin ya tafi. Kara ta yi mini, ita ma ta makara saboda ni.

Sai na kira tasi ta manhajar. Direba na farko ya kira, da ya ji Masaka ya kashe waya. Na biyu ya nemi ninkin abin da wayar ta nuna. Rana ta fito sosai kafin mu haƙura mu cusa kanmu cikin wata tsohuwar bas.

Cunkoson Mararaba sai wanda ya gani. Motoci sun tsaya cak, masu talla ne kaɗai ke tafiya: caja, tsumman goge mota, gasasshiyar masara. Ƙawata ta saya mana okpa, wato alalen gurjiya, mai zafi a ganye, na ci a karon farko, na ga ashe na daɗe ina cutar kaina. A cikin bas ɗin ma mahawara ake yi irin ta intanet, sai dai wannan da gumi. Wani dattijo ya ce faɗaɗa titi ne magani, wata mata ta ce ko an faɗaɗa shi har Keffi 'yan kasuwa za su baza tumatir a kai. Ni ina ta duban agogo.

Bayan Nyanya hanya ta saki. Muka rabu da ƙawata a shataletalen AYA, na ɗauki tasi. Maitama shiru kamar ba kowa, sai masu gadi a bakin manyan ƙofofi da masu lambu suna ba furanni ruwa da tiyo. Na tuna jarkar da muka saya wurin mai garuwa jiya, muna ta lallaɓa ta.

Da na isa, matar da ke karɓar baƙi ta ce an kira sunana har sau biyu, an wuce. Na samu kujera a can baya.

Duk da haka dama ta sake zuwa. Kafin rufewa aka ce duk mai magana ya yi. Na ɗaga hannu iya kafaɗa, ina jira manya su gama, yadda aka tarbiyyantar da mu. Ashe a irin wannan zaure ba a jira. Mutum miƙewa yake yi ya karɓi makirfo daga hannun na kusa. Wani matashi mai kwat ya ce ai yanzu kowane yaro a ƙasar nan yana da waya, don haka kwamfuta ba za ta gagare shi ba. Aka tafa masa. Amsarsa tana bakina, da fuskokin ɗalibaina a idona, amma na ci gaba da zama a kujerata. Aka yi addu'a, aka raba shinkafa a roba. Mutane suka yanyame Hajiya, na kasa kutsawa.

A dawowa motar gida na shiga, ta wata ma'aikaciya da ta tashi da wuri. Har bakin layinmu ta sauke ni kafin la'asar ta wuce.

Tafiyar ta nuna mini cewa wanda ke bin hanya kullum ya fi mutum ɗari masu sharhi a kanta, kuma ƙarfin halin da nake da shi a bayan waya bai biyo ni zaure ba. Har yanzu ban san da wane ido zan dubi ɗaliban nan ba.

Da na huta na tura wa Hajiya saƙon ban haƙuri, na tambaya ko zan iya aiko da bayanina a rubuce. Washegari ta amsa:

"'Yata, rubutunki na riga na karanta, shi ya sa na kira ki. Amma abin da aka faɗa a zaure kaɗai ke shiga rahoton, kuma an rufe. Na hango ki a baya da hannu a kafaɗa. Na yi ta jira ki miƙe."