Cikina da na Saratu

Assalamu alaikum. Na san na yi ɓatan dabo. Masu turo saƙo suna tambayar ko lafiya, ku yafe ni, ba lafiya ba ce. Yau dai na samu ƙarfin ba ku labari.

Da bazarar nan Babanmu ya ce zai kwashe mu, 'ya'ya da jikoki, mu je Jos mu sha iska. Wanda ya san zafin Sakkwato ya san wannan ba ƙaramin albishir ba ne. Ni da ban taɓa wuce Zariya ba, har rigar sanyi na saya.

Lokacin ina da ciki wata shida. Ƙanwata Saratu, wadda ke bi na, nata ya girmi nawa da kusan wata guda.

Ƙafafuna suka fara kumbura, na ce zafi ne. Kai ya dinga sara mini, na ce rashin barci ne. Ranar awo nas ta gwada jinina, ta sake gwadawa, sai ta daina yi mini hira. Aka yi gwajin fitsari, aka tura ni wurin likita.

Likita ta ce hawan jini ne na masu ciki, in ya yi tsanani yana kawo jijjiga, yana iya tafiya da uwa ko ɗa. Ta ce babu maganar doguwar tafiya.

Na ce, "Likita, ƙanwata ma ciki gare ta, kuma za ta."

Ta ce, "Ita da nata jiki, ke da naki."

Maganar ta yi mini zafi ƙwarai. Na dawo gida a unguwarmu Gawon Nama na ci gaba da haɗa kaya. Maigidana ya yi lallashi har ya gaji. Innarmu ta zo ta zauna bakin gado ta ce, "Ke dai ɗiyag ga ba ki jin magana. Jos gudu za ta yi? Wani hani ga Allah baiwa na."

Ban sauko ba sai ranar tafiyar. Na sunkuya zan ɗauki jaka, sai na ga wasu taurari suna yawo a idona, ɗakin ya juya. Nan tsoro ya kama ni. Na ce su tafi. Motarsu ta kama hanya, mu muka nufi asibiti, aka ba ni gado.

Rayuwa ta koma gwajin jini safe da yamma, ƙwayoyi, allurar da ke sa jiki ya ɗau zafi kamar an hura wuta, da hoton ciki. Abin da muka tanada don tafiya a kantin magani ya ƙare.

Ga kuma waya a hannuna.

Saratu a kan dutse da tulelen cikinta. Saratu da rigar sanyi tana cin gasasshiyar masara. Saratu tana dariya. Ni kuwa ko banɗaki sai an riƙe ni. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma ita ciki kamar ta ɗauki jakar hannu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ƙyashi na ji, mai ɗaci. Ina son ƙanwata, ban taɓa yi mata fatan sharri ba, amma ko hotonta ɗaya ban yaba ba. In ta kira sai in ce a ce ina barci. Wata dattijuwar nas ta lura duk sanda na gama latsa waya jinina sai ya hau. Ta ƙwace ta miƙa wa maigidana, ta ce, "Wagga ita ma cuta ta, ka tahi da ita gida."

Suka dawo da tsarabar dankali. Da lokacinta ya yi Saratu ta haifi 'yarta lafiya, da safe ta shiga asibiti, da la'asar tana gida tana shan kunu. Da aka gaya mini na ce barka, na juya bango na yi kuka.

Ni nawa bai kai ba. Cikin wata na takwas jinin ya ƙi sauka, likita ta ce sai an ciro shi. Aka yi mini tiyata. Namiji ne, ɗan mitsitsi, aka saka shi a kwalba. Na tambaya ko zai rayu, aka ce mu yi addu'a.

Sai kuma nono ya ƙi zuwa. An gasa, an matsa, na sha kunun kanwa har na gundura, ɗigo kaɗan. Madarar gwangwani kuma cikinsa ya ƙi ta.

Saratu ce ta zo, da ɗanyen jegonta. Ta ce, "Yaya, mi kika jira ba ki kira ni ba? Nawa har zuba shikai." Likita ta sa aka gwada jininta, Baba ya ce ya halatta, sai dai yaran sun zama 'yan uwan shayarwa. Ta dinga tatsa a kofi ana ba shi. Da ya yi ƙwari ta sa shi a ƙirjinta, ya kama.

Ina kallo daga gado. Godiya da kishi suka haɗu a zuciyata.

Alhamdu lillahi, yanzu jinina ya sauka, nono ya zo, muna gida. Likitoci da nas-nas, Allah ya biya ku. Maigidana da Inna, Allah ya bar mu tare. Duk wanda ya yi mana addu'a, na gode.

Mata 'yan uwana, kada ku yi wasa da awo. Kumburin ƙafa ko fuska, ciwon kai mai naci, gani dishi-dishi, a tafi asibiti a ranar. Kafin ki haɗa jakar tafiya ki tambayi likita, kuma kada ki auna cikinki da na kowa.

Jiya Saratu ta shigo ina shayar da shi. Yana jin sallamarta ya saki nono ya juya yana nemanta. Ta yi dariya ta ce, "Ba ni ɗana." Abin ya sosa mini rai, har yanzu yana sosa mini. Amma yaron da na ji tsoron ba zan fito da shi daga asibiti ba, ga shi da nauyinsa a hannuna yana harba ƙafa. Na miƙa mata shi.