Tsamiyar Shiuli

Dolon malamar firamare ce yanzu a Rangpur, tana da miji da 'ya'ya da ciwon gwiwa. Duk wanda ya gan ta tana jan jakar cefane ba zai ce ta taɓa tare masu zarto da ƙirjinta ba. Ni kuwa na gani da idona, don ɗaki ɗaya muka zauna a jami'armu ta bayan garin Dhaka. 'Yar tela ce, gajera, mai tabarau, mai zabga wa shinkafa barkono har hawaye na zuba tana rantsuwa babu yaji. Ba ta ɗaga murya sai in wata ta taɓa mata man gashi. Da ba don Shiuli ba, da ta gama karatunta ta tafi ba wanda ya san ta zo.

Shiuli ce ƙawarta, doguwa daga Barisal, wadda bakinta ba ya hutawa ko tana goge haƙora. Lokacin da hukumar makaranta ta shafa jan fenti a jikin bishiyoyin bakin tafki, wai za a sare su a yi sabon gini, ita ce ta kawo dabara. Kowa ya ɗauki bishiya ɗaya ta zama tasa. Duk wadda ta hango masu zarto ta buga faranti ta taga, kowa ya ruga ya rungumi tasa. Ai ba a sare itace da mutum manne a jikinsa.

Dolon ta ɗauki mangwaro. Shiuli ta ɗauki tsohuwar tsamiyar da ke tsallaken hanya, wadda kowa ke gudu wai gidan aljanu ce.

"Ke dai kwaɗayi zai kashe ki," in ji Shiuli. "Ba don Allah kika ɗauka ba, don 'ya'yan ne."

"To ke fa? Wa zai rungumi tsamiya in ba wadda aljanu suka riga suka shafa ba?"

"Dangina ne, 'yar nan. Zumunci nake yi."

Haka aka yi ta yi. A buga faranti, a kwasa da gudu, masu zarto su tsaya su yi ta kallon ikon Allah, su sha shayi wurin Kawu mai shayi, su koma. Su biyun kuwa suna maƙale da itatuwansu suna jifan juna da baƙar magana ta saman hanya. Ni ban ɗauki ko ɗaya ba, ba na shiri da cinnaka. Aikina riƙe musu takalma.

Da damina zazzaɓin dengi ya kama Shiuli. Aka kai ta asibiti tana tsokanar mai turo gadon, ba ta dawo ba. Yayanta ya ɗauki gawar a jirgin ruwa zuwa ƙauyensu tun kafin labari ya iso mu. Ba mu ga fuskarta ba, ba mu san inda kabarinta yake ba.

Dolon ba ta yi kuka ba. Abin ya ba ni tsoro, ya kuma ba ni haushi, don ni na yi har idona ya kumbura. Da aka zauna taron masu tsaron itatuwa sai ta miƙe, ita da ba ta taɓa magana a taro ba.

"Daga yau tsamiya tawa ce. Mangwaron, duk mai so ya ɗauka."

Na ɗauka, da cinnakunsa da komai. Wasu suka ce a sa mutum biyu a tsamiyar, ta ƙi. Kullum da yamma sai ta ƙulla gasasshiyar shinkafa da albasa da man mastad, wani man girki mai yaji, a takarda, ta je gindin tsamiyar ta zauna. Na taɓa bin ta na ce ta taso, sauro zai cinye ta.

"Bar ni, Yaya," ta ce. "Ba ni da kabarin da zan je. A nan ne kaɗai nake ji kamar fita ta yi, yanzu za ta dawo."

Watanni suka wuce shiru, har muka saki jiki. Ana tsakiyar jarrabawa, ranar nan muna cin abincin rana, sai faranti ya ɗauki ƙara. Kafin in aje cokali Dolon ta ɓace. Na bi bayanta ina haki, na isa mangwarona, sai na tarar da mutum a jikinsa. Dolon ce, babu takalmi, ta rungume shi kam kamar yadda ta saba. Ta juya kai wajen tsallaken hanya tana murmushi, baki buɗe, da alama ta tanadi baƙar maganar da za ta jefa.

Babu kowa a gindin tsamiyar sai masu zarto da masu gadi. Sun ga itace ɗaya tilo da ba shi da mai shi, sun riga sun kewaye shi.

Ta saki mangwaron ta ruga, masu gadi suka tare ta. Ta yi cizo, ta yi yakushi, ta kira su sunayen da ban san ta iya ba. Injin zarton bai tsaya ba. Kafin la'asar tsamiyar ta kwanta, rassanta cikin tafki. Sauran itatuwan duk sun tsira, har yau suna nan.

Da kowa ya watse na same ta zaune a ƙasa, tabarau a hannu, garin katako a gashinta. A ranar ta yi kukan da ta riƙe tun damina, irin wanda ba a rarrashi. Ina kewar Shiuli har gobe, amma ban taɓa kewarta kamar a wannan zaman ba. Na ce mata ba laifinta ba ne.

"Na sani ta rasu, Yaya," ta ce. "Wallahi na sani. Ƙafafuna ne ba wanda ya gaya musu."